Kumburin jijiyoyin maraina: Larurar da ke hana maza haihuwa amma ake ɗora wa mata laifi

Idan aure ya shekara biyu ko uku babu ƙaruwa, a yawancin gidajenmu matar ce ake fara kallo. Ita ake kai wa asibiti, ita ake ɗura wa jiƙe-jiƙe, wani lokaci a yi mata kishiya ko a sallame ta da sunan juya ce. Alhali a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ɓangaren maza, babban sanadin da ake iya gyarawa shi ne kumburin jijiyoyin maraina, wanda likitoci ke kira barikosil.

Mece ce wannan larura?

Akwai tarin ƙananan jijiyoyi da ke kwashe jini daga 'ya'yan maraina su mayar da shi zuciya. Idan 'yan ƙofofin da ke hana jinin komawa baya suka yi rauni, sai ya taru, jijiyoyin su kumbura su murɗe. Larurar takan fara ne lokacin balaga, kuma kusan kashi 90 cikin 100 a hagu take, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma tana zuba jininta ne a jijiyar ƙoda.

Kimanin kashi 15 cikin 100 na maza na da ita. Amma a tsakanin mazan da ba su taɓa samun haihuwa ba, adadin yakan kai kashi 35 zuwa 40.

Yaya take shafar haihuwa?

'Ya'yan maraina na rataye a wajen jiki ne domin ƙwayoyin maniyyi na bukatar yanayin da bai kai zafin jiki ba. Jinin da ya taru yana ɗumama wurin, sai ƙwayoyin su ragu, ko su kasa motsi yadda ya kamata, ko siffarsu ta lalace. A wasu mazan ɗan marainan da abin ya shafa yakan ƙanƙance.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, namiji na iya kasancewa da cikakken kuzari a shimfiɗa, maniyyinsa kuma ya fito kamar na kowa, amma ƙwayoyin cikinsa ba su da inganci. Haka nan lahanin na iya ƙaruwa da shekaru, don haka haihuwar fari ba hujja ba ce cewa har yanzu lafiya lau yake. Sai dai kuma yawancin masu larurar suna haihuwa ba tare da wata matsala ba.

Alamomi da gwaji

Da yawa ba sa jin komai. Wasu na jin nauyi ko ciwo mara tsanani da ke ƙaruwa idan sun daɗe a tsaye, ya lafa idan sun kwanta. Idan aka shafa, akan ji kamar tarin tsutsotsi a cikin jaka. Kumburin da ya bayyana kwatsam a dama, ko wanda ba ya sacewa idan an kwanta, yana bukatar ganin likita da gaggawa, domin yana iya zama alamar ƙari a ciki.

Likitan mafitsara yakan duba mutum a tsaye, ya yi hoton sikanin idan da bukata, sannan a gwada maniyyi bayan ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7.

Akwai magani?

Akan yi aikin tiyata a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura, ko a toshe su ta hanyar zura siririn bututu. Ba kowa ke bukatar aikin ba. An fi yi wa wanda kumburinsa ke taɓuwa da hannu kuma gwajin maniyyinsa ya nuna rauni. Tunda ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, sai bayan wata uku zuwa shida ake ganin sauyi. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato duk suna da sashen likitocin mafitsara.

Maganin "ƙarfin maza" da ake tallatawa da lasifika a tasha da kasuwa ba ya gyara jijiyar da ta kumbura. Idan shekara ta cika babu juna biyu, miji da mata su je asibiti tare. Gwajin namiji ya fi sauƙi da arha, don haka da shi ya kamata a fara.