KIWON KIFI: MATACIN RUWA DA KAYAN GIDA

Wasu suna kiwon tarwaɗa ko karfasa cikin kwamin siminti. Wasu a birni suna ajiye ƙananan kifi cikin akwatin gilashi. Dukansu matsalarsu guda ce: ruwa yana nan garau, amma kifi na mutuwa. Me ya sa?

Dafin da ido ba ya gani

Kifi yana fitar da wani dafi ta numfashinsa da kashinsa. Sunansa amoniya. Abincin da ya ruɓe cikin ruwa shi ma yana ƙara shi. Amoniya kaɗan tana iya kashe kifi, balle lokacin zafi.

Akwai waɗansu ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Ba dukansu ke sa ciwo ba. Kashi na farko suna juya amoniya ta zama nitirit. Nitirit ma dafi ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu suna juya nitirit ya zama nitirat, wanda ba shi da haɗari sosai.

Halittun nan suna manne wa abu mai kaushi inda ruwa ke wucewa. Ke nan aikin mataci shi ne ya ba su gida. Dutsen ba ya kawar da dafi, masu zama bisansa ne ke aikin.

Ba sai an sayi mai tsada ba

Ana sayar da kayan mataci daga ƙasashen waje. Amma muna da abin da zai maye su:

1. Fasassun tukwanen ƙasa da gutsattsarin jan bulo. Suna da ƙananan ramuka da yawa.
2. Tsakuwa mai girman gyaɗa.
3. Marufan kwalabe na roba. Ba su da nauyi, ba su saurin toshewa.
4. Soson roba sabo, wanda bai taɓa sabulu ba.

Kada a sa ƙarfe mai tsatsa. Kada a yi aiki da gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur.

A sami gangar roba, a wanke kayan, a zuba ciki. A shimfiɗa soso bisa, don ya tare datti. Ƙaramin inji ya jawo ruwan kwami da tiyo ya zuba daga sama. Ruwan ya bi cikin kayan, ya fita ta ƙasa, ya koma wurin kifi.

Haƙuri da kulawa

Bakteriya suna bukatar sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Cikin wannan lokaci a sa kifi kaɗan, a ba su abinci kaɗan. Wanda ya sami ƴan duwatsu daga tsohon mataci mai lafiya, aikinsa zai fi sauri.

Suna son iska kamar mu. In inji ya tsaya awoyi da yawa, sai su fara mutuwa.

In mataci ya yi datti, a ɗauraye shi da ruwan kwamin. Ban da sabulu. Ban da ruwan pampo, don maganin da ke cikinsa yana kashe su. Kuma kada a wanke duka rana guda: rabi yau, rabi wani sati.

Ina za a kai nitirat?

Mataci irin wannan ba ya cire nitirat. Kullum taruwa yake. In ya yi yawa, kifi ba ya girma da kyau, gansakuka kuma ta cika ruwa. Masu akwatin gilashi suna ƙoƙari kada ya wuce miligaram 50 cikin litar guda.

Kowane sati a kwashe kashi 1 cikin 4 na ruwan, a zuba sabo. In ruwan pampo ne, a bar shi ya kwana 2 a buɗe tukuna. Kainuwa ma tana shan nitirat, amma a riƙa rage ta.

Ruwan da aka kwashe kada a zubar. Nitirat taki ne. A ba salati, tumatir da zogala. Kifi ya huta, lambu ya ƙoshi.

A karanta wannan shafi a aji, a bayyana wa maƙwabcin da bai iya karatu ba.