Jafanancin da Bahaushe Ke Buƙata a Taron Unguwa

Hausawan da ke zaune a Japan ba su da yawa. A cikinsu akwai ɗalibai da suka samu tallafin karatu, da kuma ƴan kasuwa. Kowa yakan fara da Jafanancin gaisuwa da na cefane, amma wanda ya daɗe yakan tarar da wani hawa mai wuya, wato harshen takardun ƙaramar hukuma da na taron unguwa.

A waɗannan takardu ne zai riƙa cin karo da tabunka kyosei, zaman tare tsakanin masu al'adu daban-daban. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta fitar da tsari a kansa a 2006, ta nemi ƙananan hukumomi su kula da baƙi mazauna. Akwai kuma yasashii nihongo, sauƙaƙƙen Jafananci da aka ɓullo da shi bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995. Ya isa a gane ranar fitar da shara da wurin gudu idan bala'i ya zo. Bai isa mutum ya kare haƙƙinsa ba.

Ɗauki batun jana'iza. Fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata a Japan ƙone gawarsu ake yi, maƙabartun Musulmi kuwa ƴan kaɗan ne. A garin Hiji na jihar Oita, Musulmin birnin Beppu da ke maƙwabtaka da shi sun yi shekaru suna neman filin maƙabarta, mazauna na tsoron gurɓacewar ruwan sha, har magajin garin da aka zaɓa a 2024 ya ƙi sayar da filin. Bahaushen da zai zauna a irin wannan taro dole ya iya kalmomin dokar filaye da na ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kuma iya keigo, harshen ladabi, domin a can magana mai kaifi takan rufe ƙofa ko da gaskiya ce. A ganina shi ya sa bai kamata ɗan'uwanmu ya tsaya kafin matakin N1, mafi girma a jarrabawar ƙwarewar Jafananci ta JLPT, ba.

Ga wani misali: a watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD kan raya Afirka a Yokohama, JICA, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan, ta haɗa birnin Kisarazu da Najeriya don musayar al'adu. Labari ya bazu cewa biza ta musamman za a bayar, ƙorafi ya yi wa ofishin birnin yawa, a Satumba aka janye shirin. Da Jafananci aka yi yawancin wannan muhawara, alhali ƴan Najeriyar da ke can ne suka kwana da zafinta.