Jita Mai Lantarki Da Hunturun Ƙasar Kano

Jita mai lantarki ta sha bamban da garaya da gurmi, waɗanda ƙwarya da fata ke ba su murya. Ita jikinta katako ne zalla, babu rami. Amonta yana fitowa ne daga maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ɗaukar girgizar tsirkiyar ƙarfe ya aika wa lasifika. Leo Fender ne ya fara ƙera ta da yawa a Amurka cikin 1950, sa'an nan kamfanin Gibson ya fito da Les Paul a 1952. A Arewa kuwa, ƙungiyar Bala Miller ta Kaduna ta sa kunnen Bahaushe ya saba da ita cikin shekarun 1970.

To, amma wanda ya kai ta ƙauyukan Dambatta ko Bichi, hunturu ne babban abokin gabarsa. Iska na bushewa sai katakon wuyanta ya tsuke, bakin ƙarafunan da ke jere a kai ya fito yana yankar yatsa, wuyan kuma ya karkace. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa don miƙar da shi. Rubu'in juyi ya isa a lokaci guda, don mai gaggawa yakan karya ta. Ƙura kuma tana shiga maɓallan sauti su riƙa ƙara, shi ya sa ajiye ta cikin akwati ya zama tilas.

Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne janareto. In ba a haɗa wayar ƙasa ba, lantarki na iya bin tsirkiya ya kama makaɗi, musamman in yana tsaye ba takalmi a kan damshi.