Abin da Ya Sa Masu Haɗa Kiɗa Ke Gudun Sabunta Kwamfuta

A farkon watan Maris na 2024 kamfanin Apple ya saki wani ɗan gyara ga babbar manhajar kwamfutocinsa, macOS Sonoma, mai lamba 14.4. Irin gyaran nan ne da saƙonsa kan leƙo a gefen allo, mutum ya danna, ya tashi ya yi wata hidima ya dawo. To, a ɗakunan haɗa kiɗa da dama ba a kwashe lafiya ba. Mutane sun buɗe manhajar haɗa kiɗa ta Logic Pro sun tarar wasu ƙananan manhajojin gyaran sauti da suka saya da kuɗinsu sun ƙi tashi. Matsalar ta faɗa ne kan makullin lasisi na iLok, wanda kamfanin PACE ke yi, wanda kuma kamfanonin sauti da yawa suka dogara da shi don tabbatar da cewa mai amfani da kayansu ya biya. Sai wajen ƙarshen watan Apple ya fitar da 14.4.1 ya gyara ɓarnar. Mako biyu da 'yan kwanaki ke nan. Wanda ya karɓi kafin alƙalami a hannun mawaƙi, ya yi alkawarin miƙa aiki ranar Juma'a, shi ya san tsawon waɗannan kwanaki.

Kafin muryar mawaƙi ta zama waƙar da za a saurara, hannaye da yawa take bi. Daga makirufo tana shiga akwatin sauti, wanda ke mayar da ita lambobi. Akwatin ba ya iya magana da kwamfuta sai ta hanyar wata 'yar manhaja da ake kira direba. Direba yana miƙa wa babbar manhaja, Windows ko macOS, ita kuma ta miƙa wa manhajar haɗa kiɗa, irin su FL Studio, Cubase, Pro Tools, Ableton Live ko Logic Pro. A cikin wannan kuma akwai fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa, wannan na daidaita murya kamar Auto-Tune, wancan na sa amsa-kuwwa, wani na kwaikwayon ganga ko goge. Mai haɗa kiɗa ɗaya kan tara gommansu, kowanne daga kamfani daban, wasu da nasu makullin lasisi. Duk waɗannan 'yan haya ne a gidan Apple ko na Microsoft. Ran da mai gida ya ga dama ya sauya wayarin wuta, ba ya bi ɗaki-ɗaki ya tambayi wa ke da wane irin soket.

Akwai kuma abin da ya bambanta sauti da sauran ayyukan kwamfuta, shi ne ba ya jira. Ana ɗaukar murya ne ta hanyar auna ta sau 44,100 ko 48,000 a kowane daƙiƙa. Kwamfuta na sarrafa waɗannan awo kashi-kashi, kuma idan an saita kashin a kan 128, lokacin da take da shi na gama kowane kashi bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Ta makara sau ɗaya, sai a ji "ƙas" a tsakiyar baiti. Shafin intanet zai iya jinkirin rabin daƙiƙa ba wanda ya lura, amma mawaƙin da ke jin muryarsa a kunne tana zuwa a makare ba zai iya rera komai ba. Neman wannan sauri ne ya sa masu rubuta manhajar sauti suka saba kutsawa can cikin hanjin babbar manhaja, daidai wuraren da kamfanonin ke yawan taɓawa idan sun tashi gyara.

Shekarar da masu wannan sana'a ba sa mantawa ita ce 2019. A watan Oktoba Apple ya fitar da macOS Catalina, wadda ta daina karɓar duk manhajar da aka gina a tsohon tsari na 32-bit. Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba, domin tun 2018 kwamfutocin ke nuna saƙo idan an buɗe irin waɗannan manhajoji. Sai dai wuraren da abin ya ɓuya sun fi waɗanda aka gani. Wani fulogin shi kansa an riga an mayar da shi 64-bit, amma manhajar da ke girka shi, ko wadda ke karɓar lambar lasisinsa, tana nan a tsohon tsari. Kayan yana da lafiya, ƙofar shigar da shi ce aka toshe. Masu sa kiɗa a wurin biki su ma sun sha tasu. Catalina ta kashe iTunes ta kawo Music a madadinta, alhali manhajoji irin su Serato da Traktor sun daɗe suna karanta jerin waƙoƙin mutum daga wani fayil na XML da iTunes ke ajiyewa. Jerin da aka shafe shekaru ana tsarawa ya daina fitowa, sai da kamfanonin suka bi sabuwar hanya.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, a Nuwamban 2020 Apple ya fara barin ƙwaƙwalwar Intel ya koma tasa, M1. Don kada tsofaffin manhajoji su mutu rana ɗaya, ya sa Rosetta 2, wadda ke fassara umarninsu zuwa yaren sabuwar ƙwaƙwalwar. Ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Amma a harkar kiɗa akwai wani ƙulli: fulogin da aka gina a tsarin VST a cikin jikin manhajar haɗa kiɗa yake zaune, don haka dole yarensu ya zama ɗaya. Idan kana da fulogin arba'in, talatin da tara an sabunta su, ɗaya ya rage a tsarin Intel, kuma shi ne wanda muryar mawaƙinka ba ta daɗi sai da shi, to ko dai ka haƙura da shi, ko ka mayar da manhajar gaba ɗaya ƙarƙashin Rosetta ka rasa wani ɓangare na ƙarfin kwamfutar da ka saya da tsada. Manyan kamfanonin ma ba su yi sauri ba. Ableton Live ta iso sabon tsarin a Fabrairun 2022, Cubase 12 a Maris na shekarar, Pro Tools kuwa, wadda manyan sutudiyo na duniya suka fi riƙewa, sai Maris na 2023. Kuma Cubase ta zo da nata sharaɗi: a sabon tsarin VST3 kawai take karɓa. Kamfanin Steinberg na Jamus, wanda ya ƙirƙiro VST a 1996, shi da kansa ya sanar a Janairun 2022 cewa zai yi ritayar VST2.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan ƙarfe, domin su an biya kuɗi an ɗauko a kwali. Shekaru da dama direbobin akwatin sauti suna zama a cikin zuciyar babbar manhaja. Apple ya yanke shawarar korar su daga can. A kwamfutar da ke da sabuwar ƙwaƙwalwa, wanda akwatinsa ke buƙatar direba irin na da sai ya kashe na'urar, ya danne maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito, ya shiga sashen tsaro, ya zaɓi rage matakin kariya da hannunsa, ya sake kunnawa, ya amince da direban, ya ƙara sake kunnawa. A nan kam ina ganin Apple na da hujja. Duk abin da ke zaune a wannan zurfi, idan ya yi tuntuɓe da kwamfutar gaba ɗaya yake faɗuwa. An gani a Yulin 2024, lokacin da gyara ɗaya na kamfanin tsaro CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a lissafin Microsoft. Hujjar da ban gani ba ita ce ta FireWire. Apple ne ya jagoranci ƙirƙiro wannan hanyar haɗi, sutudiyo suka rungume ta suka sayi akwatuna masu tsada, sannan macOS Tahoe ta Satumban 2025 ta daina gane ta kwata-kwata. Akwatin na kawo wuta, makirufo na shiga, sautinsa garau, kwamfuta ce kawai ta ce ba ta san shi ba.

Sai a dubi MIDI. A 1983 kamfanonin da ke gogayya da juna, ciki har da Roland da Yamaha da Sequential Circuits, suka amince da yare guda da fiyano zai riƙa magana da sauran na'urori. Fiyanon Yamaha DX7 na wannan shekarar har yau ana iya haɗa shi da sabuwar kwamfuta ya yi aiki, saboda yaren ba mallakar kamfani ɗaya ba ne da zai wayi gari ya janye. Haka ma akwatunan sauti da ke bin ƙa'idar USB ta bai-ɗaya: a macOS ana soka su ne kawai su kama, ba ruwansu da direban kamfani. Mai shirin sayen akwati, musamman na hannu, wannan ce tambayar da ta fi "nawa ne bakinsa" muhimmanci: idan kamfanin ya daina rubuta masa direba, zai ci gaba da aiki?

Windows ta fi haƙuri da tsofaffin kaya. Manhajar 32-bit na tashi a cikinta har yanzu, kuma direban akwatin sauti na ASIO da aka rubuta shekaru da suka wuce sau da yawa yakan ci gaba da ja. Nata halin shi ne son sabunta kanta ba tare da shawara ba, wani lokaci ta ɗora nata direban a kan wanda ka girka. Babbar maganarta kuma ita ce ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 na neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwar ta Intel ce, sai daga ƙarni na takwas zuwa sama, wato kusan duk kwamfutar da ta girmi 2017 an bar ta a baya.

Wannan ya shafi sutudiyon Zoo Road a Kano da takwarorinsu na Kaduna da Jos kai-tsaye, domin da yawansu a kan Windows suke aiki, da kwamfutoci 'yan gwanjo, ga fiyanon Yamaha a gefe. Ba ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa manhajar da aka fasa makullinta ta yi yawa a kasuwa, tunda farashin na asali da dala ake yanka shi. Mai irin wannan ba ya cikin waɗanda matsalar iLok ta tsayar, abin haushi ga wanda ya biya, amma shi ma a ɗaure yake: ba shi da wanda zai kai wa kuka, ba zai sami gyara ba, kuma bai san abin da aka cusa a cikin abin da ya girka ba. Tsayawa a tsohuwar Windows dabara ce mai kyau muddin kwamfutar ba ta hawa intanet. Sai dai kwamfutar sutudiyo kullum cikin karɓar filas take, wannan ya kawo kiɗa, wancan ya zo kwasar waƙarsa, kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Masu gogewa ba wani sirri suke da shi ba. Suna kashe sabuntawar da ke yin kanta, ba sa taɓa komai a tsakiyar aiki, suna kwafe faifan kwamfuta kaf kafin su gwada sabon abu, sannan suna duba shafukan da kamfanoni irin su Avid, Focusrite da Native Instruments kan wallafa duk lokacin da sabuwar macOS ta fito, inda amsar farko kusan kullum ita ce a dakata. Za a iya cewa ai Apple na ba kamfanonin nan samfurin gwaji tun watan Yuni, me ya hana su shiryawa? Wasu sakaci ne. Amma fulogin da yawa mutum biyu ko uku ne ke bayansa, kuma sabuwar babbar manhaja duk shekara jadawalin masu talla ne, ba wani mai kiɗa da ya roƙa.

Asarar da aka fi mantawa da ita ita ce ta tsohon aiki. Fayil ɗin da manhajar haɗa kiɗa ke ajiyewa galibinsa umarni ne: a kira fulogin kaza, a murɗa shi zuwa kaza, a buga wannan sauti a nan. Mawaƙi ya dawo bayan shekara takwas yana son a ɗauko waƙar bikin da aka yi masa, a cire sunan amarya a sa wani. A buɗe fayil, sai jerin sunayen fulogin da ba a samu ba ya cika allo. Layin ganga na nan a zane amma shiru, murya ta fito tsirara ba gyara. Maganin yana hannun mai aikin tun ranar da ya gama: ya fitar da kowane layi daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ɗaya da gyara ɗaya babu, ya ajiye MIDI, ya rubuta saurin kiɗan. Lasisi ma na iya tsufa. A Mayun 2025 Steinberg ya rufe na'urorin da ke kula da tsohon makullinsa na eLicenser. Lasisin da ke kan ɗan makullin USB yana ci gaba da aiki, amma idan ya ɓata ko ya karye, babu inda za a je a sake ɗora shi.

Wa'adi na gaba an riga an sanar da shi. A Yunin 2025 Apple ya ce Tahoe ce macOS ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu ƙwaƙwalwar Intel, kuma Rosetta 2 za ta ci gaba da cikakken aiki ne zuwa macOS 27 kawai, daga nan a taƙaita ta ga wasu tsofaffin wasanni. Duk fulogin da kamfaninsa ya rufe, ko ya ƙi sabunta shi, daga wannan lokaci ba zai buɗe a sabuwar Mac ba, haka ma kowane layi na tsohuwar waƙa da aka gina a kansa ba a fitar da shi WAV ba.