Gidajen abincin Anglo-Indiya na alfarma a Landan: abin da ya kamata ku sani

Ba a tafiya mai nisa a Landan ba a ci karo da gidan abincin Indiya ba. Mafi yawansu ƙananan shaguna ne na unguwa, inda mutum zai ci ya ƙoshi da kuɗi kaɗan, ko a ƙunsa masa ya wuce gida. Amma a unguwannin masu hannu da shuni irin su Mayfair da St James's akwai wani aji daban. Sai an kama wuri tun da kwanaki kafin a samu tebur, kuma kuɗin cin mutum ɗaya zai iya ciyar da iyali guda a shagon unguwa. Wasu daga cikin waɗannan gidaje sun gina sunansu ne a kan zamanin mulkin Ingila a Indiya, tun daga adon bango har zuwa abin da ke cikin tukunya. Wanda ya san inda girkin ya samo asali zai fi iya zaɓar abin da zai ci, ya kuma gane abin da yake biya wa kuɗinsa.

Su wane ne 'yan Anglo-Indiya?

Turawan Ingila sun shiga Indiya ne da sunan ciniki, ta hannun kamfanin East India da aka kafa a 1600. Sannu a hankali ciniki ya rikiɗe ya zama mulki. A 1858 gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragamar daga hannun kamfanin, ta riƙe har zuwa samun 'yancin kai a 1947. A da, Turawan da suka daɗe a can su ake kira 'yan Anglo-Indiya. Daga baya sunan ya koma kan zuriyar da aka samu daga auratayya tsakanin Turawa da matan ƙasar. Yawancin waɗannan Kiristoci ne, Ingilishi ne harshensu na gida, kuma sun yi fice a aikin jirgin ƙasa da gidan waya da koyarwa da jinya. Har gobe suna nan a birane irin su Kolkata da Chennai da Bangalore.

Saboda haka girkin yana da tushe biyu: ɗakin girkin Baturen mulki, inda kuku Ba'indiye ke dafa wa maigida, da kuma gidajen wannan al'umma da ta gaji ɓangarorin biyu.

Yadda girkin ya samu

Bature ya saba da cin abinci daki-daki: a fara da romo, a kawo kifi, sannan nama, a rufe da kayan zaƙi. Kukun da ya ɗauka kuwa ya tashi ne inda ake jera komai a gaban mai ci lokaci guda. Kusan kowane abincin Anglo-Indiya sulhu ne tsakanin waɗannan al'adu biyu.

Romon da ake kira mulligatawny shi ne babban misali. A kudancin Indiya, Tamilawa suna da wani ruwan yaji tsararo na masoro da tsamiya da suke zubawa a kan shinkafa. Da Turawan Madras, wato Chennai ta yau, suka nemi romon buɗe ciki, sai kuku ya ɗauko wannan ruwa ya ƙara masa nama da albasa, ya ɗan kaurara shi, ya zuba a kwano ya miƙa da cokali. In aka kawo muku shi a yau za ku ga ruwan ɗorawa ne saboda kurkum, da ɗan kauri, a gefe da yankin lemon tsami, wani lokaci da ƙwayoyin shinkafa a ƙasan kwanon. Tsami ne ke fara isa harshe, sai daga baya ɗumin masoro ya taso a maƙogwaro.

Kedgeree kuwa daga dafa-dukar shinkafa da ƙananan wake ya fito, abincin talaka da marar lafiya. Turawa suka cire waken, suka sa kifi da dafaffen ƙwai, suka mai da shi karin kumallo. Jalfrezi dabarar kuku ce ta hana asara: ragowar gasasshen naman jiya a yayyanka, a soya da albasa da ɗanyen barkono. Akwai miyar naman rago ta jirgin ƙasa, wadda ake sayarwa a taragon cin abinci da tashoshi bayan da jirgin fasinja ya fara aiki a Indiya a 1853. An rage mata yaji don Bature, an ƙara mata tsami. Akwai kuma kazar gidan saukar baƙi, wato ɗakunan da gwamnati ta gina a kan hanyoyin kai wasiƙu, inda sai matafiyi ya sauka ake kama kazar a yanka, a dafa ta da dankali da ƙwai.

Vindaloo ya bi wata hanyar daban. Turawan Fotugal ne suka kawo shi Goa, kamar yadda su ne suka kai barkono Indiya tun farko. Asalinsa naman alade ne da aka jiƙa da tafarnuwa da ruwan tsami, abin da ya kamata Musulmi ya riƙe a ransa.

Shi kansa garin kori daga haɗuwar Turawan Ingila da girkin Indiya ya fito. Mai girki a Indiya takan daka kayan ƙamshinta ne daidai da abin da za ta dafa a ranar. Turawan da suka koma gida suna marmarin ɗanɗanon su ne suka sa aka fara haɗa gari guda ana sayarwa, kuma tun a 1747 wani littafin girki a Ingila ya kawo yadda ake miyar kori. Ta hannun mulkin mallaka da cinikinsa garin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da namu, inda yau ba a rasa shi a dafa-duka. Ba abin mamaki ba ne, domin daular guda ce: Gwamna Lugga ma a Madras aka haife shi a 1858, kuma a Indiya ya fara aikin soja.

Daga shagon unguwa zuwa Mayfair

Wani mutumin Patna mai suna Sake Dean Mahomed ne ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan a 1810, mai suna Hindoostane Coffee House. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, ya karye a 1812. Wanda ya ɗore shi ne Veeraswamy, wanda Edward Palmer, ɗan Anglo-Indiya, ya buɗe a titin Regent a 1926, kuma tun farko manyan mutane da tsofaffin ma'aikatan mulkin Indiya ya nufa.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne ƙananan gidajen kori suka cika Birtaniya, akasarinsu a hannun mutanen Silhet ta ƙasar Bangladesh. Sun shiga jinin Turawa har ta kai a 2001 ministan harkokin waje Robin Cook ya bayyana kazar tikka masala a matsayin abincin ƙasa na Birtaniya. Sai dai wannan farin jini ya zo da illa: jama'a suka ɗauki abincin Indiya a matsayin abu mai arha da ake ci da daddare bayan an tashi daga mashaya.

Gidajen alfarma sun taso ne don karya wannan tunani. Chutney Mary, wanda Namita Panjabi da Ranjit Mathrani suka buɗe a Chelsea a 1990, ya fito ne kai tsaye da sunan gidan abincin Anglo-Indiya, kafin daga baya ya faɗaɗa zuwa girkin sassan Indiya, ya kuma koma St James's a 2015. A 2001 gidajen Tamarind da Zaika suka samu tauraron Michelin, lambar yabon da kamfanin tayar nan na Faransa ke bayarwa, wadda ba ta wuce taurari 3. Gymkhana, na Karam Sethi da 'yan'uwansa, ya buɗe a 2013, ya samu tauraro a 2014, ya ƙara na biyu a 2024.

Adon Gymkhana kwaikwayon kulob-kulob ne na zamanin mulki: fankar sama tana juyawa a hankali, kujerun kaba da fata, katako mai duhu, tsofaffin hotunan 'yan wasan kurket da na ƙwallon doki. Wasu na ganin wannan a matsayin ƙawata zamanin da aka zalunci mutane, tunda da yawa daga irin waɗannan kulob ɗin ba sa barin Ba'indiye ya shiga sai dai in hidima ya zo yi. Wasu kuma na cewa ai reshe ne ya juye da mujiya, domin yau 'yan asalin Indiya ne masu gidan, Bature ne ke bin layi.

Ku sani kuma da wuya yanzu a samu gidan da duk abincinsa na Anglo-Indiya ne zalla. Abin da aka fi gani shi ne kala biyu ko uku na wancan zamani, a tsakiyar girkin Punjab da Lucknow da Hyderabad da Kerala.

Yadda zaman yake tafiya

Ana kama tebur ta waya ko ta intanet. Gidaje da yawa sukan nemi lambar katin banki, kuma in mutum ya ƙi zuwa bai sanar ba, za a cire masa wani abu. Sau da yawa akan ƙayyade lokacin zama, kamar awa biyu, don haka makara daga lokacinku take ci. Game da sutura, abin da ake so shi ne shiga ta kamala. Kayan motsa jiki da gajeren wando ne ake ƙi; kaftani mai guga ko atamfa ba su da matsala.

Za a miƙo muku jerin abinci iri biyu. A ɗaya kowa na zaɓar abin da yake so, kowane da farashinsa. A ɗayan kuma kuku ne ya tsara kala-kala 'yan kaɗan-kaɗan a kan farashi guda, kuma galibi ana so duk teburin ya bi tsarin tare. In kun kai uku ko huɗu, ya fi riba ku zaɓa da kanku a jera a tsakiya: nama kala ɗaya, kaza ko kifi, miyar wake da ake kira dal, ganye, shinkafa da burodi. Shinkafa da burodi daban ake sayensu, ba sa biyo miya.

Akan fara da papadum, wani siririn abu mai ƙaras-ƙaras, tare da ƙananan kwanuka na miyar mangwaro mai zaƙi da ta na'a-na'a da ta tsamiya. Sai gasassun nama daga tandoor, wadda ba ta da maraba da tanderun masu gurasa: tukunyar ƙasa ce mai zurfi, wuta a ƙasa, a manna ƙullin burodin naan a jikin bangonta, a zura tsinken nama a tsakiya. Burodin da hannu ake yagarsa a dangwali miya, ba wanda zai kalle ku.

In akwai biryani da aka rufe da ƙullu, ya cancanci jira. Ana jera shinkafa da nama a tukunya hawa-hawa, a liƙe bakin da ƙullun fulawa, a bar shi ya turara a cikin tururinsa. A gabanku mai hidima zai sa wuƙa ya yanka murfin, tururi ya taso da ƙamshin kirfa da kanumfari da soyayyar albasa. Ku nitsa cokali har ƙasa, domin naman da daɗin duk a can suke. Kindirmon da aka kawo a gefe na sanyaya baki ne. Yajin waɗannan gidaje ba ya kai na mai cin attaruhu. Ƙamshi suka fi bai wa ƙarfi, amma in kuna son ƙari ku faɗa.

Halal, giya da abin da jiki ba ya so

Kada sunan Indiya ya sa ku saki jiki. 'Yan Anglo-Indiya suna cin naman sa da na alade, kuma gidajen alfarma suna alfahari da naman farauta: barewa, tsuntsayen daji, wani lokaci har aladen daji. Wasu gidajen kazarsu da ragonsu na halal ne, wasu ba haka ba, kuma naman farautar yakan zo ta wata hanyar daban. Matambayi ba ya ɓata: ku tambaya tun lokacin kama tebur, ku sake tambaya kala-kala a lokacin zaɓa. In zuciya ba ta kwanta ba, kifi da jatan lande da girkin ganye da wake sun isa cika tebur, domin a wannan fanni girkin Indiya ba shi da na biyu.

Kusan duk irin waɗannan gidaje suna sayar da giya, wasu kayan zaƙin ma akan ɗiga musu. Akwai madadi: lassi, wato kindirmo da aka kaɗa da mangwaro ko gishiri, da ruwan lemon tsami, da shayin madara mai citta. Wanda jikinsa ba ya son gyaɗa ko madara ko alkama ya faɗa tun farko, domin dokar ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci ba da bayani a kan abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo. Miyar Indiya da yawa da niƙaƙƙen yazawa da man shanu ake kaurara su.

Lissafin kuɗi

Farashin da ke rubuce ya riga ya haɗa da haraji. Abin da ake ƙarawa a ƙarshe shi ne kuɗin hidima, wanda ya fi zama kashi 12.5 cikin 100, wasu gidajen har 15. Wato in kun ci na fam 200, ku sa ran ƙarin fam 25 zuwa 30. A mafi yawan gidaje na ganin dama ne, kuna iya cewa a cire in hidimar ba ta gamsar ba, kuma in kun biya ba sai kun ƙara tukuici ba. Tun Oktoban 2024 doka ta tilasta a miƙa wannan kuɗi gaba ɗaya ga ma'aikata. Ruwan kwalba da kuɗinsa, amma gidan da ke da lasisin sayar da giya dole ya ba ku ruwan famfo kyauta in kun nema.

Tsadar tana zuwa ne daga hayar unguwa, da yawan ma'aikata, da ingancin nama, da kayan ƙamshin da ake soyawa a niƙa a gidan. Iya kuɗinka iya shagalinka, amma akwai hanyar sauƙi: yawancin gidajen suna da tsarin abincin rana ko na farkon yamma mai kala biyu ko uku a farashi mai rangwame, daga kicin ɗaya da hannun kuku ɗaya. Wanda ke son ya ɗanɗana ya gani kafin ya ɗauki iyali ko baƙi, ta nan ya kamata ya fara.