Ranar da Iska ta Kwanta a Jamus



A arewacin Jamus, can jihar Schleswig-Holstein da ke bakin teku, duk inda mutum ya ɗaga ido sai ya ga dogayen turaku farare, kowanne ɗauke da farfela mai fukafukai uku tana juyawa a hankali. Daga irin waɗannan injunan iska ne Jamus ke samun kaso mafi tsoka na wutar lantarkinta a yau. Amma a ranar 12 ga Disamba, 2024, da yawansu sun tsaya cak. Iska ta kwanta, gajimare ya rufe rana, ga sanyi ya sa kowane gida na neman wuta. Jamusawa suna kiran wannan yanayi Dunkelflaute, wato duhu tare da kwanciyar iska. Da yammacin ranar, farashin lantarki a kasuwar sari ya haura Yuro 900 a kan megawat ɗaya na awa guda, kusan ninki goma na abin da aka saba biya.

Wuta dai ba ta ɗauke ba. An tayar da tashoshin gas da na kwal, an kuma sayo wuta daga maƙwabta. Sai dai tsadar ta tsallaka iyaka har kudancin Suwidin da Norwe, inda ministar makamashin Suwidin, Ebba Busch, ta fito fili ta nuna fushinta, tana ɗora laifi a kan rufe tashoshin nukiliya na ƙarshe da Jamus ta yi a Afrilun 2023.

Ga abin da ke sa iska wuyar sha'ani. Idan gudunta ya ragu da rabi, wutar da injin ke bayarwa sai ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Idan kuma guguwa ta taso, ta kai kusan mita 25 a daƙiƙa, injin ya kan tsayar da kansa don kada fukafukansa su karye.

Dokar Jamus ta ce zuwa 2030, kashi 80 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha zai fito ne daga makamashi mai sabuntawa, kuma tuni an wuce rabi. Wannan ci gaba ne na gaske, ba wanda zai raina shi. Amma wannan lissafin na shekara ne baki ɗaya, shi kuwa asibiti ko masana'anta kowace awa yake buƙatar wuta, har da awar da ganye ko motsi ba ya yi. Don haka ƙasar ke shimfiɗa layin SuedLink mai tsawon kilomita kusan 700, domin kai wutar iskar arewa zuwa masana'antun kudu. Denmak kuwa, wadda fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska ne, ta daɗe da haɗa wayoyinta da madatsun ruwan Norwe: ranar da iska ta yi yawa ta sayar, ranar da ta kwanta ta saya.

Mu ma abin ya shafe mu. Najeriya ta yi alkawarin megawat dubu 30 zuwa 2030, kashi 30 cikin 100 daga makamashi mai sabuntawa. A Lambar Rimi ta jihar Katsina kuma akwai injunan iska 37 da aka tsara su ba da megawat 10, aikin da ya ɗauki fiye da shekara goma ana jan ƙafa a kansa. Iskar hunturu na iya juya su, amma akwai watannin da take lafawa.

Saboda haka, mai saurare, duk ranar da ka ji shugabanni na zayyana alkawarin kashi kaza zuwa shekara kaza, ka tambaye su layukan da za su ɗauki wutar, da batiran da za su ajiye ta, da tashar da za a tayar a daren da iska ta kwanta.