Tun Ciki Bai Fito Ba

A ƙasar Hausa ciki ba abin shela ba ne. Mace kan yi wata uku ko huɗu ba wanda ya sani daga ita sai mijinta, sai fa in uwar miji ta lura da laulayi da yawan tofar da yawu ta gane da kanta. In kuwa cikin fari ne, kunyar ninkawa take yi: yarinya ta yi ta jan hijabi, ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Wasu kambun baka suke tsoro, wasu kuma gudun kada a yi ɓari magana ta yi yawa. Ba na kushe wannan kunya, tarbiyya ce. Sai dai akwai wadda bai kamata a ɓoye wa ba, ita ce malamar asibiti, domin a cikin waɗannan watanni na ɓoyo ne ake halittar ɗan, kuma a cikinsu ne rigakafi ya fi kamawa.

Kwana 28 kacal bayan shigar ciki, 'yar hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ta riga ta haɗe bakinta. A lokacin nan mace ba ta fi mako biyu da ɓatan wata ba, tana ma kokwanto ko ciki ne ko jini ne ya yi jinkiri. Idan hanyar ba ta rufe daidai ba, sai a haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu a shanye, fitsari ba ya riƙuwa, ko kuma a haife shi ƙoƙon kai bai cika ba, wanda ba ya rayuwa. Abin da ke rage wannan sosai wata 'yar ƙaramar ƙwaya ce mai araha, folik asid. A 1991 wani babban bincike na Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ya nuna cewa a wajen matan da suka taɓa haihuwar irin wannan ɗa, ƙwayar ta rage maimaituwar abin da kusan kashi 70 cikin 100. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta riƙa shan maikurogiram 400 kullum tun tana neman ciki. Wadda ta fara sha a wata na biyar ta samu amfanin ƙarin jini, amma wancan amfanin na farko ya riga ya wuce ta. Da ni ake shawara, da ranar da aka kai amarya ɗakinta da ƙwayar nan a cikin kayanta.

Wani shirin ma kafin ɗaurin aure yake. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar sikila, wato AS, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Mutane kan fahimci lissafin nan a karkace, su ɗauka in na fari ya zo da sikila sauran uku sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya jera uku duk masu sikila. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da na jinsin jini da ƙanjamau da ciwon hanta. Amfanin gwajin yana ga yin sa da wuri, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, ba ana saura kwana uku biki an gama rabon kati ba.

Matar da ke da hawan jini, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya, ita kam ganin likita kafin ciki ya zama dole. Wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril suna illa ga ƙodar ɗan tayi, haka maganin farfaɗiya na valproate yana haddasa naƙasa. Ba dainawa za ta yi da kanta ba, wannan ma haɗari ne, musanya mata za a yi da wanda ya dace. Sai batun kwanika. Jikin da ya haihu, ya zubar da jini, yana kuma shayarwa, yana buƙatar hutu, kuma likitoci suna ba da shawarar tazarar aƙalla wata 24 kafin wani ciki, abin da ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini.

Daga nan sai awo. Amsar da aka fi ji ita ce, “Lafiyata ƙalau, me zai kai ni asibiti?” Ai awo don masu lafiya aka yi shi. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fito ƙarara shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta gagara aka kwaso su, su ne suka fi mutuwa, ninkin ba ninkin waɗanda ke da kati. Shekara arba'in ke nan ana faɗin wannan magana. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko ɗaya cikin biyar na masu ciki a Nijeriya ba sa fara awo a watanni ukun farko, kuma a Arewa maso Yamma waɗanda ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa a shekarar, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, na farkon kafin ciki ya wuce mako 12.

Duk wanda ya taɓa raka mace awo ya san yadda wurin yake. Mata a jere kan benci tun sanyin safiya, kowacce da katinta a cikin leda, wasu da goyo a baya. Malama ta ɗora mace a sikeli, ta naɗa mata abin awon jini a damtse ta yi ta matsawa, ta ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari, ta tsoma wani ɗan siririn tsinken takarda a ciki tana duban ko launinsa zai juya. Sannan ta sa yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa. In cikin fatar ja ne jawur, madalla. In ya yi fari fat, malama ta san aiki ya same ta. Duk abin bai kai minti goma ba, amma a cikinsa ake kama manyan abubuwan da ke kashe mata.

Na farko ƙarancin jini. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, amma ruwansa ya fi jajayen ƙwayoyinsa ƙaruwa, ga ɗan tayi yana jan nasa rabon. In ma'aunin jini ya sauka ƙasa da 11, an shiga ƙaranci. Mace ta riƙa haki daga ɗaki zuwa madafi, jiri na ɗibarta, wata har ta kama kwaɗayin cin farar ƙasa. Mai cikakken jini za ta iya zubar da rabin lita wajen haihuwa ta miƙe, amma wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan, wannan rabin litar na iya tafiya da ita. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini kullum. Mata da yawa suna karɓa su tura ƙarƙashin katifa, wasu saboda tana sa tashin zuciya da baƙin bayan gida, wasu saboda an ce tana ƙara wa ɗa girma ya ƙi fita. Baƙin bayan gidan ba cuta ba ne, alamar maganin ce, tashin zuciyar kuma yana sauƙi in an sha bayan abinci ko da daddare. Maganar ɗa ya ƙi fita kuwa ba ta da tushe. Abin kiyayewa shi ne kada a kora ta da shayi, don ganyen shayi yana hana jiki tsotse ta. Lemo da gwaiba suke taimaka mata. Zogale, alayyafo, wake, kifi, ƙwai da nama in an samu, duk suna ƙarawa, kuma mai ciki ce ta fi kowa cancantar tsokar da ke cikin tukunya.

Zazzaɓin cizon sauro shi ma ɓarnarsa a ɓoye take. Ƙwayar cutar takan taru a mabiyiya, ta cinye jinin uwa, ta tauye abincin ɗa, alhali matar ko zafin jiki ba ta ji ba. Masu cikin fari ya fi kamawa. Daga mako na 13 ake fara ba da Fansidar, ƙwaya uku a haɗiye gaban malama, a maimaita wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, a kuma kwana cikin gidan sauro. Akwai allurar tetanus sau biyu da ke kare jariri daga sanƙarewa ta hanyar cibiya, akwai gwajin ƙanjamau da tunjere, waɗanda in an gano su da wuri ana iya hana su kama ɗan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jijjiga. Tana farawa ne bayan mako na 20 da hawan jini, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Can sai fuska da hannaye su kumbura, zobe ya ƙi fita, sai a ce ai tagwaye ne, ko a ce ciki ya karɓe ta. Sai ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani ya riƙa dishi-dishi, saman ciki ya ɗauki zafi. Sai kwatsam ta faɗi tana fizge-fizge, tana taune harshe, kumfa na fita. A nan ne gida kan rikice a ce iska ce, a kawo hayaƙi, a aika kiran mai ruƙiya, sa'o'i suna wucewa. Ba iska ba ce. Jini ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma makonni kafin ranar abin awon nan na damtse zai iya nuna 140 bisa 90, tsinken fitsari kuma ya juya launi. Maganinta sananne ne kuma ba shi da tsada: allurar magnesium sulphate, wadda binciken da aka yi a ƙasashe 33 aka wallafa a 2002 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Bayan ita sai a sauko da jinin, a raba uwa da cikin in lokaci ya yi. Babu mai hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Haka nan a yi hattara da abin da ake ɗirka wa mai ciki. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ake fara ba ta a wata na bakwai ba wanda ya san ƙarfinsu, kuma ruwan da ake son a zubar shi ne ɗan yake kwance a ciki. Kanwa gishiri ce, ba ta dace da mai kumburi ko hawan jini ba. Maganin kemis ba a sha sai an tambaya, don tetracycline da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac suna da illa ga ciki. Mafi muni shi ne allurar naƙuda da ake kiran wani ya yi wa mace a ɗaki. In ƙugu ya yi wa ɗa kaɗan ko ya kwanta a gicciye, allurar fasa mahaifa take yi. Doguwar naƙuda irin wannan ce ta cika asibitin Babbar Ruga na Katsina da masu yoyon fitsari, da yawansu yara mata da suka yi ciki ƙashinsu bai gama ƙosawa ba.

Gaskiya ne ba duka laifin yana gida ba. Akwai asibitin da abin awon jininsa ya lalace, akwai wanda ƙwayoyinsa sun ƙare, akwai ma'aikaciyar da tsawarta kaɗai ta isa ta sa mace ta rantse ba za ta koma ba. Wannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata a riƙa tambayarta.

Sauran kuwa yana hannun maigida, don shi ke ba da izini, shi ke ba da kuɗin mota. Mata nawa ne suka kwana suna zubar da jini ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwar ƙauye ko daga cirani, ba wanda ya isa ya ce a fita da ita? Tun ciki yana wata shida ya kamata a san asibitin da za a je, wanda ke da jini da ɗakin tiyata. A ware kuɗi a ajiye, a karɓi lambar direba, wanda a wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin kai masu naƙuda asibiti, a kuma san 'yan'uwa biyu da jininsu ya dace da nata. Sannan maigida ya tara mahaifiyarsa da matarsa da wani maƙwabci ya faɗa musu da bakinsa cewa in an ga jini, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciwon kai da kumburin fuska, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, to a tafi da ita asibiti ko yana nan ko ba ya nan, a kira shi daga hanya.